Akawun da Ake Kira Babu

Ranar da ɗana ya sami aikin ofis na hau bas daga unguwarmu Catford, a nan Landan, na tafi Woolwich neman kwano. Irin mai hawa uku nake so, na ƙarfe, mai mariƙi a sama da ƙugiya gefe da gefe. Na bi shagunan Indiyawa ɗaya bayan ɗaya har na samu. Na kawo gida na ajiye masa a kan tebur.

Ya juya shi, ya buɗe, ya yi dariya. Ya ce ai a ofis kowa fita yake ya sayi abinci. Da Turanci ya faɗa. A nan aka haife shi, Hausa yana jin ta sarai, amma amsa sai da Turanci. Na ce masa kowa ba ɗana ba ne. Ya ɗauka.

Ban gaya masa dalili ba. Ɗan fari ne, kuma shi kaɗai Allah ya bar mana. A inda na taso uba ba ya zama ya buɗe cikinsa ga ɗan fari. Ko sunansa ba na kamawa. "Kai" nake ce masa, in raina fari ne in ce "malam".

Dalilin yana Kano. Ina saurayi faci nake yi a bakin titi a Fagge. Ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba. In an tashi aiki sai gidan silima, kallon Indiya. A cikinmu ba mai jin yaren, kuma a lokacin ba a fassarawa. Kowa da labarin da yake haɗawa a kansa, in an fito a yi ta musu a teburin mai shayi.

Abokaina faɗa suke so da rawa. A ga bos da yaransa, a ga jarumi ya tara su ya nakaɗa. Akwai wani irin fim kuma da in aka sa shi tsaki ke cika wuri, wasu ma su tashi su fice. Ba bos a ciki, ba doki, ba ƙaton gida mai matakala biyu. Akawu ne kawai da iyalinsa. Ni irinsa nake jira.

Gidan akawun ɗaki biyu ne na haya a saman bene. Fanka tana juyawa a sama. Famfo a cikin gida. Rediyo an lulluɓe shi da ƙyalle mai ado, kalanda a bango, keken ɗinki a lungu uwar gida tana kai. Da safe ya sa farar riga, ya ɗauki laima, matar ta miƙo masa kwano mai hawa uku, ya je ya bi layin bas. A ofis yana da tebur nasa na kansa, takardu tuli, masinja yana kawo shayi. Da yamma ya dawo, ya rataye laima a ƙusa, ya tuɓe takalmi, a ci abinci tare, yara su buɗe littafi. Ƙarshen wata a miƙa masa ambulan.

Ni a lokacin a shagon maigidana nake kwana, tsakanin tayoyi. Gidan attajiran fim bai taɓa ba ni sha'awa ba, na san ƙarya ce. Na akawu kuwa na ga ana iya kaiwa. Bai yi kuɗi ba, bai kuma roƙi kowa ba. Rufin asiri ke nan, kuma ban taɓa neman abin da ya wuce shi ba.

Ga kuma sunan da ake kiransa. Kowa a fim ɗin "babu" yake ce masa. Masinja ya ce babu, mai kanti ya ce babu. Duk sanda aka faɗa sai 'yan kallo su amsa baki ɗaya, "Akwai." 'Ya'yansa kuma "babu ji" suke ce masa, sai ka ji wani daga baya ya ce, "To ku ɗaga masa murya mana." A yi ta dariya. Ni na yi wa kaina fassara. Na ce dabarar tsare baki ce. Mutum da fanka da famfo da albashi, dole a kira shi babu kada ido ya kama shi. Haka manyan 'yan kasuwar garinmu suke yi, ka tambaye su ciniki su ce babu, sai godiya.

Akwai fim ɗaya da na kalla ba adadi. A tsakiyarsa akawun ya daina zama a ofis. Sai ya tafi wani lambu ya zauna a benci a ƙarƙashin bishiya, ya buɗe kwanonsa ya ci, ya watsa wa tsuntsaye saura, ya yi ta kallon masu wucewa har la'asar. Na ce to, an ƙara masa girma, ya kai inda ba mai tambayarsa ina ka je. Ni in na ɗan zauna maigida sifana yake jefo min. Wannan wurin na fi so a duk fim ɗin.

Daga baya na koyi tuƙi. Wani ma'aikacin gwamnati ya ɗauke ni direba, da aka turo shi Landan ya taho da ni in riƙa yi masa hidimar gida. Lokacinsa ya cika ya koma, ni na maƙale. Na yi shekaru ba takardar izinin zama. Na wanke tukwane a bayan gidan abinci, na yi gadi, na kwana a inda ba a kwana. Abin da na gani a shekarun nan ba na ba da labarinsa. Takarda ta fito, na yi aure, aka haifi yaron, council, wato hukumar unguwa, ta ba mu flat, gidan haya a bene hawa na biyu. Uwarsa ta rasu a babban asibitin Camberwell yana sakandare. Daga nan ni ne uwa, ni ne uba, ni ke girki.

Aikin da na daɗe a kai shi ne sharar ofisoshi a tsakiyar gari. Ana shiga da yamma in masu wurin sun tashi. Na goge teburan da ba su ƙirguwa. Kowane tebur da kujerarsa mai juyawa, da hoton iyali, da kofin shayi da aka bari rabi. Ban taɓa zama a kan ko ɗaya ba. Ina gogewa ina cewa a raina, ni kam ta wuce ni, amma yaron zai zauna. Ya yi karatu, ya gama jami'a a fannin lissafin kuɗi, wani kamfanin inshora ya ɗauke shi. Suka ba shi kati mai hotonsa yana ratayawa a wuya.

Kullum bayan asuba in ɗora tukunya. Shinkafa a hawan ƙasa, miya a tsakiya, a sama nama ko dabino. Ya ɗaura naktaye, ya rataya katinsa, ya ɗauki kwano ya fita. Da yamma kwanon ya dawo a wanke tas, don ofis ɗinsu akwai kicin. A masallaci in an tambaye ni shi, sai in ce yana ofis. Kalmar tana min daɗi a baki.

A ƙasanmu akwai wani tsoho Ba'indiye. Matarsa ta mutu, 'ya'yansa suna wasu garuruwa. Mun yi shekaru sai dai gaisuwar matakala. Da yaron ya saita min talabijin yadda zan riƙa samun tsofaffin fina-finai, wata Asabar sai na ji ana dukan ƙofa da sanda. Tsohon ne, ya zo ƙorafin ƙara. Ya leƙa ya ga abin da nake kallo. Ya tsaya. Ya tambaye ni ina na san wannan. Na ce tun kafin gashinsa ya zube. Ya shigo ya zauna ba tare da an ce masa bismilla ba, kuma daga ranar duk Asabar sai ya hawo.

Da guntun Turancinmu muke magana. Yana kirana Najeriya, ina kiransa Indiya. Ya ce shayina ruwan wankin kofi ne. Na ce abincinsa turare ne aka dafa. Ya ɗanɗana yajina sau ɗaya, ya yi ta hawaye, ya ce mutanen da ke cin wannan ba za su taɓa zama lafiya ba.

Shi ya fara gaya min abin da ake faɗa a fina-finan. Na tambaye shi sunan nan. Ya ce babu ai akawu ke nan, mutumin ofis, kuma kalmar girmamawa ce. Babu ji kuwa kamar yaro ya ce ranka ya daɗe baba. Ubansa ma haka ake kiransa, akawun jirgin ƙasa ne. Na gaya masa ma'anarta da Hausa, da yadda muke amsawa a silima. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, na ba shi ruwa. Da ya natsa ya ce, "Najeriya, yarenku ya fi namu faɗin gaskiya."

Ban gane ba sai da muka ci gaba. Wurin cin abincin nan da nake gani kamar aljanna, ashe maganar haya ake yi. Mai gidan ya ce su tashi. 'Yar akawun ta isa aure, dangin miji suna son kaya. Ɗansa kuma ya gama karatu yana yawon neman aiki. Farar rigar guda ɗaya ce, kullum ake wanke ta a shanya a ƙarƙashin fankar nan, in wuyanta ya ci matar ta farke ta juya shi. Keken ɗinkin ma ba don sha'awa ba ne, ɗinkin maƙwabta take yi a ɓoye kada a ce matar akawu tana aikatau. Na yi masa musu. Na ce duk da haka akwai fanka, akwai famfo. Ya ce gidansu ma akwai fanka, kuma ubansa ya mutu yana zaryar fansho da laimarsa a hannu.

Na ce wannan Indiya ce, kuma zamanin da ne. Nan Landan ce.

Ana nan, wajen ƙarshen sanyi, kwanon ya fara dawowa ba a wanke ba. Miya ta bushe a jiki. Wata rana na ga ɗan ganye ya maƙale a ƙugiyar, gindin kwanon kuma da danshin ƙasa. Na tambaye shi. Ya ce yanzu a lambu yake cin abinci, yana shan iska. Bai dube ni ba da yake faɗa, amma dama ba ma duban juna sosai.

Daɗi ya kama ni. Na wanke kwanon ina murmushi ni kaɗai. A masallaci na gaya wa mutum biyu uku cewa da alama an ƙara wa yaron girma. Suka ce masha Allahu, suka ce hakurina ne ya haifa.

Asabar ta zo. Na nemo fim ɗin nan da na fi so, ban taɓa sa wa tsohon shi ba. Da aka zo wurin lambu na taɓa shi da gwiwar hannu. Na ce ya kalli nan da kyau, nan ne aka ƙara wa mutumin girma, yana fita lokacin da ya ga dama. Na ce nawa ɗan ma ya kai nan, a lambu yake cin abincinsa yanzu.

Tsohon ya kalli talabijin, ya kalle ni. Ya ajiye kofinsa.

"Najeriya," ya ce, "korarsa aka yi."

Na ce wa.

Ya ce mutumin fim. An sallame shi tun ɗazu, wurin da babban nasu ya dafa kafaɗarsa, wanda ni na ɗauka yabo ne. Bai iya gaya wa matarsa ba. Shi ya sa yake shiri kullum, ya karɓi kwano, ya zo nan ya zauna har lokacin tashi ya yi. Waƙar da ake yi a wurin ma, wadda nake bi da baki shekara da shekaru ban san me take cewa ba, ta mutumin da ba shi da inda za shi ce.

A talabijin mutumin yana watsa wa tsuntsaye abinci. Tsohon ya so ya gyara. Ya ce ai fim ne, ɗanka daban, matasan yanzu suna son lambu. Na ce masa shayinsa ya huce. Ya shanye shi a haka, bai ce ruwan wankin kofi ne ba, ya sauka.

Ban tambayi yaron ba. Litinin na ɗora tukunya kamar kullum. Na tsaya a ƙofar kicin ina kallonsa yana ɗaura naktaye a madubi, ya rataya katin, ya gyara shi ya fuskanto waje. Ya ce sai ya dawo. Na ce Allah ya tsare. Da ya sauka na sa rigar sanyi na bi shi daga nesa.

Bai nufi tashar jirgi ba. Ya shiga laburare. Ta gilashi na hango shi a gaban kwamfuta, katin ya tura shi cikin riga. Na zauna a wurin jiran bas, gwiwata tana zugi. Bas ya zo ya wuce, wani ya zo ya wuce. Da azahar ya fito ya gangara lambun unguwa, wanda uwarsa take kai shi lilo yana ƙarami. Ya zauna a benci ya kwance ƙugiyar kwanon. Tattabaru suka taru, da gani sun saba da shi.

Na je na zauna a ɗaya ƙarshen bencin.

"Baba."

"Ci abincinka."

Bai ci ba. Na ce tun yaushe. Ya ce tun kafin azumi. Ba shi kaɗai ba ne, ma'aikatan hawan benensu gaba ɗaya aka sallama, ba wanda ya yi laifi. Rabin aikin kwamfuta ke yi yanzu, ragowar an tura shi Indiya, can ya fi araha. Na ji dariya ta taso min, na kasa riƙe ta. Na ce to, aikin ya koma wajen masu shi. Ya dube ni kamar na taɓu. Ban yi masa bayani ba.

Can ya ce, da Hausa, irin tasa mai karkata, "Ban so kai ka ji kunya ba."

Na ce gobe ma ya sa rigar ofis ɗin.

Haka muka yi. A da shi kaɗai yake ɓoyewa, yanzu muka zama mu biyu. Ina girki, yana shiri, yana fita lokacin da maƙwabta suka saba ganinsa. A masallaci a ce ina malam, in ce yana ofis. Kalmar ta koma min kamar tsakuwa a shinkafa, amma ina faɗa. Tsohon nan na ƙasanmu ne kaɗai ya sani, kuma bai taɓa tayar da zancen ba.

Yaron ya nemi aiki, wannan na shaida. Kullum yana turawa. Wani lokaci a kira shi ganawa ta kwamfuta, ya sa kwat a sama, ya rufe ƙofar ɗaki, in ji shi yana dariyar da ba tasa ba. Sai shiru. Ya ce yawanci ko a'a ba sa cewa. Ya ce takardun ma ba mutum ke karantawa ba, na'ura ce ke tacewa ta zubar.

Wata Asabar na ce wa tsohon ya gaya min ƙarshen fim ɗin da gaske. Da ido na san shi: mutumin ya koma ofis, an rataya masa furanni, kowa yana dariya. Na ce ko shi ma ba haka ba ne. Ya ce a'a, wannan haka ne. Babban maigidan ne ya gano mutumin mai amana ne, ya aika a nemo shi. Na ce to ka gani. Ya ce na gani, amma a fim akwai maigidan da yake da fuska, ana iya zuwa a durƙusa masa. Ya ce, "Ɗanka wa zai durƙusa wa?"

Na nemo waɗanda zan durƙusa wa. Ni da na yi shekarun rashin takarda ban miƙa wa kowa hannu ba, na tsaya a ƙofar masallaci ina jiran manya su fito. Likitoci, ma'aikata, masu dogayen motoci. Asirin da na rufe, da bakina na buɗe shi. Na ce yaron yana gida. Suka ce subhanallahi, suka ce ya turo takardunsa, za su duba. Mutanen kirki ne, wasu sun duba ɗin. Ɗaya ya kira ni gefe ya ce nasa ɗan ma yana ɗaki, da digiri biyu, kada in gaya wa kowa.

A ginin da nake shara akwai wata mata da take daɗewa ba ta tashi ba, kullum muna gaisawa. Na tattara ƙarfin hali na yi mata maganar. Ta saurare ni har na gama. Ta nuna min kwalin da ke ƙarƙashin teburinta, ta ce ita ma ƙarshen wata za ta tafi. Dama na lura. Kwandunan shara da nake juyewa sun ragu, yawancinsu wayam nake samunsu. Hotunan iyali sun ɓace daga kan tebura. Hawa guda an kashe fitilunsa an ce mu daina shiga.

Sanyi ya dawo. Lambu ya daina zaunuwa. Yaron ya fara makara, daga nan ya daina fita. Naktaye yana rataye a bayan ƙofa da ƙullinsa. Ya yi rajistar benefit, tallafin gwamnati na marasa aiki, ranar da ya dawo daga can bai ci abinci ba. Yana kwana da rana. In na shiga ɗakin in ce, "Kai, an yi la'asar," sai ya ce ya ji, da fuskarsa a bango. Na daina girkin asuba. Na kuma daina sa irin waɗancan fina-finan. Tsohon yana hawowa mu kalli labarai, ya zagi gwamnati, in taya shi.

Sai gwiwata ta ƙi. Ta daɗe tana gargaɗi. Wata yamma na durƙusa goge ƙasan tebur na kasa tashi, sai da mai gadi ya ɗaga ni. Shugabarmu ta masu shara 'yar Gana ce, Hausar zango take yi. Ta zo ta same ni a ɗakin ajiye bokitai ina shafa man zafi.

"Baba, ƙafa ya gaji," ta ce. "Kawo yaro ya riƙe maka wurin. Wuri in ya tafi ba ya dawowa."

Na ce ban haife shi don tsintsiya ba. Ta ce ita ma uwarta ba ta haife ta don tsintsiya ba. Na ce ko zan ja gindi ne ni zan yi, kada ta kuskura ta kira shi. Ta ce to.

Ba ta kira shi ba. Shi ya je ya same ta. Ya ga yadda nake hawa matakala, hannu biyu a ƙarfe, ina hutawa a kowace kwana. Ya ɗauki lambarta a wayata. Muna cin tuwo ya gaya min zai fara ranar Litinin. Na ce ba da yawuna ba. Na ce ya ƙara haƙuri, ana ta dubawa, wani abu zai fito. Na ce in ya shiga rigar masu shara ba zai fita ba, na ga masu digiri da yawa sun shige ta da sunan kafin a samu, ga su nan da furfura. Ban taɓa yi masa magana mai tsawo haka ba. Ya bar ni na gama.

"Baba, haya," ya ce.

Na wanke hannuna.

Ranar Litinin da la'asar ya fito da rigar aikin a leda. Tawa ce suka ba shi, an ce sababbi sun ƙare. Hannun ya yi masa gajere. Ya tsaya a ƙofa kamar mai jiran wani abu. Na ga in ban faɗa masa ba wani zai faɗa masa da tsawa, sai na ce ya zauna.

Na ce ya fara da banɗaki tun da ƙarfinsa. Kada ya haɗa ruwan wanki kala biyu a bokiti ɗaya, hayaƙin yana kama ƙirji. Takarda in ba a cikin kwando take ba, ko a ƙasa ya gan ta, ya ɗora a tebur kada ya zubar. Kada ya taɓa abin da ke kan tebur, ya ɗaga ya goge ya mayar daidai inda yake. Ya gai da mai gadi kullum, shi ke buɗe ƙofa in kati ya ƙi. In ya tarar da wani bai tashi ba, ya bar wajensa sai ƙarshe, kuma kada ya fara magana sai an yi masa. In ya haɗu da wanda suka yi makaranta tare, ya gaishe shi ya ci gaba da aikinsa. Ya durƙusa da gwiwa ɗaya, yana canzawa. Kujerun nan masu juyawa kada ya zauna a kai, akwai kyamara.

Ya saurara da kyau, kansa a ƙasa, yana gyaɗawa. Haka yake tun yana ƙarami, abu sau ɗaya ake gaya masa.

Yana can har yanzu. An yi sanyi biyu. Da farko yana tura takardun neman aiki da safe kafin ya tafi, yanzu ban cika ganin kwamfutar a buɗe ba, ni kuma ba na tambaya. In ya dawo warin ruwan wankin nan yana jikinsa, ba ya fita ko an yi wanka, na sani. A masallaci sun daina tambayata shi.

Kwanan baya shugabar ta bugo ta gaishe ni da ƙafa. Ta ce yaron yana da hannu, ba a taɓa kawo ƙararsa ba, har ya fi ni sauri. Ta ce in ya daure, nan gaba za ta ba shi hawa biyu. Don in ji daɗi ta faɗa. Na ce mata na gode.